Lauratu da Kasuwar Alhamis

Shekara shida na yi ina aiki a gidan horon 'yan mata da ke bayan garin Gumel, kuma har na ajiye makullan ban sami amsa guda ɗaya ba a kan abin da ke sa yaran nan gudu. Don girki aka ɗauke ni. Da matar da ke kula da su ta tafi ganin gida ba ta dawo ba, sai aka miƙo mini makullai aka ce, "Iya Sabuwa, riƙe kafin a kawo wata." Wata ɗin ba ta zo ba har na bar aikin.

Yara goma sha ɗaya gare mu a shekarar 1974, wadda ta biyo bayan babban farin nan. Alƙali ne ke turo su: wadda ta yi ɗauke-ɗauke, wadda aka tsinta a tashar mota ba mai ita, wadda ta fasa wa wata kai a bakin rijiya. Koko da safe, tuwo rana da dare, a lokacin da mutanen ƙauyukan Sule Tankarkar ke tona gidan tururuwa neman hatsi. Ga sabulu, ga katifa, ana koya musu saƙa da karatun boko. Duk da haka sai a wayi gari wata ta haure katanga. Na ce ko tuwona ne, na ƙara daddawa a miya. Suka gudu. Na ce ko tsamiyar tsakar gida ce ke da mutanen ɓoye, na sa aka yi rubutu aka yayyafa. Suka gudu. Malam Ya'u, ma'aikacin ofishin jin daɗin jama'a da ke leƙo mu Litinin da Laraba da jaka a hammata, shi amsarsa ɗaya ce, wai samari ne. Ni dai wadda na taɓa kamowa a gonar ubanta tana roron gyaɗa, ban ga saurayi a wurin ba sai jaki.

Wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce Lauratu. Shekarunta goma sha huɗu, siririya, mai wushirya, 'yar Ɗanzomo. An kama ta ne tana ɗiban gero a buhun wani ɗan kasuwa. Ranar da aka kawo ta, Malam Ya'u ya buɗe takarda ya tambaye ta ubanta, ta ce ya rasu tun tana goye. Ya ce, "Uwarki fa?"

"Inna ta rasu da bazara," in ji ta.

Ya rubuta marainiya, ya rufe.

Ban taɓa riƙe yarinya mai sauƙin kai irinta ba. Kafin in tashi ta share tsakar gida. Ba ta faɗa, ba ta tsegumi, in aka zage ta sai ta matsa gefe. Daga Juma'a zuwa Laraba ko ƙofa ka bar mata a buɗe ba za ta leƙa ba. Amma ranar Alhamis sai a neme ta a rasa. Karo na farko da kanta ta dawo gab da magariba, ƙafafu futu-futu, ta ɗauki tsintsiya kamar aikenta na yi. Na biyu ɗan doka ne ya kawo ta daga Maigatari. Na uku wani direban babbar mota, Dogo, ya sauke ta a ƙofar gida ya ce a bayan motarsa ya gan ta cikin awaki.

Na yi faɗa, na yi lallashi, har rantsuwa na sa ta. "Lauratu, don Allah me kike nema a Maigatari?"

"Ba komai, Iya."

"Ba komai ne ke kai mutum tafiyar mil goma sha biyar?"

Sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane.

Malam Ya'u ya ce shi ya gama. "Ranar kasuwa ce, Iya. Direbobi, 'yan kamasho, mahauta. Me kuma ya rage a bincika? In ta ƙara sau ɗaya, doka ta ce a wuce da ita Kano." Na san gidan da yake nufi, na taɓa raka wata. Ƙofar ƙarfe ce, tagogi can sama kusa da rufi, kuma wadda ta shiga ba ta fita sai ta cika sha takwas. Na dubi yarinyar tana wanke tukunyata a bakin randa.

Alhamis ta gaba, da hantsi, ina tankaɗe na hango ta ta nufi bayan banɗaki, inda damina ta zaftare katanga. Da na yi tari kawai da ta dawo. Ban yi ba. Na bar wa babbar cikinsu girki, na ja mayafi na bi ta. Ta shiga bayan wata mota a tasha, ni kuma na shiga ta Dogo da ke biye, ina zagin kaina tun daga Gumel har Maigatari. Mace da jikoki, tana bin sawun yarinya kamar ɓarauniya.

Kasuwa ta cika maƙil. Buzaye sun kawo ragowar shanunsu, ƙashi da fata, ana saye kamar kyauta. Na zuba ido in ga direban da zai tare ta. Ta wuce tasha ko waiwaye ba ta yi ba. Ta wuce masu tsire, ta wuce masu atamfa, ta ratsa har layin masu tabarmi a ƙarƙashin wata aduwa. Nan ta sami wuri ta zauna a ƙasa, kamar taku uku daga wata mata mai sayar da tabarmi da faya-fayi, ta juya mata rabin baya. Ba ta gaishe ta ba, matar ma ba ta ɗago ba.

Na laɓe a bayan wani raƙumi da aka durƙusar, yana ta hura mini wari, na yi ta jira in ga abin da zai faru. Babu abin da ya faru. Matar tana ciniki, tana raha da masu saye, har akuyar da ta zo cin kaba sai da ta yi wa magana, amma yarinyar da ke gefenta kamar ba a halicce ta ba. Na ce ko kawaliya ce mai tara yara? To ai kawaliya takan yi magana. Na ce ko asiri aka yi wa yarinyar ake jawo ta? Na yi ta saƙa ina kwancewa har rana ta take.

Da azahar matar ta buɗe ƙwaryar fura ta kurɓa kaɗan, sannan ta tura ta baya da hannu, idonta na kan hanya, ta ce wa iska, "Ƙudaje za su shanye abin nan." Lauratu ta jawo ta sha. Can kuma yarinyar ta ɗauki wani faifai da ba a gama ba ta ci gaba da ɗinkin bakinsa. Da ta ajiye, matar ta miƙa hannu ta ɗauka, ta warware layi biyu, ta mayar inda yake ba ta ce uffan ba. Lauratu ta sake ɗauka ta gyara.

Sai wani mai saye ya faɗi abin dariya, matar ta washe baki, na ga wushiryar. Ba kamannin ne kaɗai suka gaya mini ba, rashin kallon ne. Baƙuwar yarinya ta zauna kusa da kayanka, ko ka kore ta ko ka tambaye ta 'yar wace ce. Mutum ɗaya ne a duniya mace ke ƙin kallo haka, ni kuwa na sani, don ina da nawa. Mu a tasowarmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, da an yaye shi kaka ce ke ɗauka. In an tambaye ta sai ta ce ɗan wance ne. Nawa yanzu har ya yi furfura, kuma ko a wannan labarin ba za ku ji sunansa a bakina ba.

Da la'asar Lauratu ta miƙe ta kakkaɓe zane, ba sallama. Na tare ta a tasha. Ta gan ni ta yi tsuru-tsuru, na ce ta kwantar da hankalinta, muka hau mota ɗaya.

"Wace ce matar?"

"Yaya Rabi ce."

"Me take gare ki?"

"Inna ce ta haife ta."

"Ke fa?"

"Inna ce ta raine ni."

Da jan magana na gane sauran. Bayan rasuwar uban Lauratu, Rabi ta yi aure a wani ƙauye a tsallaken iyaka, ƙasar Damagaram, yarinyar kuma ta zauna wajen kakarta a Ɗanzomo har fari ya ɗauke tsohuwar. Duk Alhamis Rabi kan tsallako da tabarmi tare da dangin mijinta.

"To me ya hana ki bi ta gida?"

"Ba ta ce in zo ba."

"Ke me ya hana ki tambaye ta?"

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a tsakiyar kasuwa.

Ran Litinin tun daga ƙofa na tari Malam Ya'u da albishir, bakina har kunne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wato ta gudu na huɗu ke nan."

"Ni na bar ta, Malam."

"Kin bar ta, ta gudu. Duka biyun sai na rubuta." Ya cire hula ya sosa kai. Ba mugu ba ne, tsoron takarda ne ya yi masa yawa. Ya ce hanya ɗaya ce ta rage: uwar ta amsa a gaban shaidu cewa 'yarta ce, ta dangwala yatsa, shi ke nan a sallama mata ita. In ba haka ba, Kano. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Har yau ina mamakin bakin da na faɗi haka da shi. Ina ganin aikin hukuma ne ya shiga kaina, na ɗauka in mota da takarda suka zo, kunya za ta matsa ta ba su wuri.

Alhamis muka tafi a motar ofis, ni da shi da Lauratu da ɗan doka ɗaya. Tun a hanya yarinyar take roƙona a hankali, "Iya, don Allah kar a je." Na ce ta yi mini shiru, gata ake yi mata. Motar ta kutsa har bakin layin masu tabarmi, kafin mu sauka mutane sun kewaye mu, kowa na son ganin wanda za a kama. A gefen Rabi kuma ranar ga wata tsohuwa zaune tana kaɗa ƙudaje da faifai. Daga baya na ji uwar mijinta ce.

Malam Ya'u ya yi sallama da ladabi, ya buɗe jaka, ya fito da takarda da ɗan akwatin tawada. "Baiwar Allah, an ce ke ce Rabi. Wannan yarinyar 'yarki ce?"

Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya sake tambaya. Ya tambaya na uku, ya dubi agogo, ya dube ni. Mutane suka fara ƙus-ƙus. Ni kuwa raina ya ɓaci, ga yarinya za ta tafi gidan ƙarfe, ga uwa ta zauna kamar an dasa ta. Na matsa gabanta na ɗaga murya.

"Ke baiwar Allah, magana ake yi miki! Taki ce ko ba taki ba ce?"

Daga cikin mayafi ta ce, "'Yar Inna ce."

"Ba Inna na tambaye ki ba. Ke kika haife ta ko ba ke ba?"

Tsohuwar ta daina kaɗa faifai, ta juyo tana kallon surukarta. Ɗan dokan ya gyara tsayuwa.

"Ba tawa ba ce," in ji ta.

Malam Ya'u ya juya ga Lauratu. "Ke, wannan uwarki ce?"

"Yayata ce," ta ce, idonta a ƙasa.

Ya rubuta. Na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi ba. "Malam, kai ma fa ka san al'adar nan."

"Na sani, Iya. Ni ma ɗan fari ne. Amma takardar nan e ko a'a take ɗauka, kuma mutum talatin sun ji ta ce a'a. Ita ma yarinyar ta ce a'a. In rubuta me?"

Sai da muka kama hanyar Gumel hankalina ya dawo jikina. Da ni kaɗai na je, na ja ta bayan tabarmi mu biyu, na miƙa mata tawadar ba tare da na tambaye ta komai ba, da ta dangwala. Ni da ko a gaban alƙali aka tsayar da ni ba zan ce nawa nawa ne ba, ni ce na tsaya a gaban uwar mijin mace ina yi mata tsawa ta faɗa. Na roƙi Malam Ya'u ya jira Alhamis mai zuwa in gyara ɓarnata. Ya ce tun ran Litinin ya aika wa Kano cewa in uwa ba ta amsa ba, ran Laraba ma'aikaciyarsu za ta biyo jirgin ƙasa ta karɓe ta a tashar Gagarawa. Na ce to mu bi Rabi ƙauyensu. Ya ce wane ƙauye, kuma wa zai bar motar hukuma ta wuce masu duwan, wato 'yan kwastan da ke kan iyaka? Lauratu kanta ba ta san sunan garin ba.

Ran Laraba ta tashi ta yi shara kamar kullum, ta wanke mini tukwane, ta ɗaure kayanta a ɗankwali. Ta durƙusa ta ce, "Iya, na gode, a yafe mini." Alhali ni ce ya kamata in nemi gafara. Na cusa mata ƙuli-ƙuli a ƙunshinta, motar ofis ta tashi da ita da Malam Ya'u.

Washegari da sassafe sai ga Malam Ya'u, hula a karkace, ido ja. Jirgi ya yi latti, in ji shi, yarinyar ta ce za ta zaga, ta bi bayan tasha, shi ke nan. Sun nema har duhu ya hana su. Ya wuce ofishin 'yan doka yana sambatu, ni kuma na zauna a bakin murhu na rasa ko murna zan yi ko kuka.

Rana ta kusa take tsaka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga Rabi, ita kaɗai, gumi ya jiƙa mayafinta. Ba ta taɓa zuwa Gumel ba, da tambaya ta kawo kanta.

"Na zo wajen yarinyar nan," ta ce.

Haushin kaina nake ji, amma a kanta na sauke. "Wace yarinya? Goma gare ni a ciki."

"Ta rannan."

"Ba ta da suna?"

Ta fito da hannunta daga mayafi ta miƙo mini babban yatsa. "An ce wannan ake sawa. Na bar kayana wajen tsohuwa, na ce mata asibiti zan je."

Duk faɗan da na tanada ya zube. Na gaya mata abin da ya faru a tsaye a bakin ƙofa, Kano da jirgi da Gagarawa. Tana saurare tana kallon bakina kamar wani yare nake yi. Ina cikin magana na tuna ranar da muke, Alhamis, ita ma na ga ta tuna. Ko takalmin kirki ban tsaya sawa ba.

Motocin safe duk sun wuce, sai da muka daɗe a tasha kafin mu sami wadda za ta Maigatari, ita ma ta yi faci a hanya. La'asar ta yi sanyi lokacin da muka isa ƙarƙashin aduwar. Tabarmin Rabi na nan a naɗe, tsohuwar na zaune a kansu.

"Yarinyar nan ta hukuma ta zo," in ji tsohuwar tun ba mu tambaya ba. "Tun hantsi take zaune nan, ba ta ce da ni komai ba. Da na gaji na ce mata wadda take jira ba ta nan, ta je ta nemi danginta. Bayan azahar ta tashi."

"Ina ta nufa?" na ce.

Ta nuna wajen tasha da haɓa. Na duba. Motoci na ta lodi, wasu Kano, wasu Damagaram, wasu Nguru, wasu kudu da shanu, wasu kuma sun riga sun tashi tun ɗazu.

Rabi ta saki mayafinta ya zamo kafaɗa, ta shiga cikin kasuwa. Da farko ban ji abin da take cewa ba, leɓɓanta kawai ke motsi, sunan na fita da ƙyar. Can ta ɗaga murya.

"Lauratu!"

Tsohuwar ta dafe baki. Matan layin tabarmi suka miƙe tsaye suna kallo. Rabi ba ta waiwaye su ba. Ta bi layin masu atamfa tana kira, ta shiga karar shanu tana kira, ta bi motoci ɗaya bayan ɗaya tana ɗage tamfol tana leƙa bayansu. "Lauratu! Lauratu!" Ina biye da ita ba takalmi a ƙafa ɗaya, ina tambayar direbobi, kowa ya ce yara dai da yawa sun hau, wa zai tuna.

Aka kira magariba tana kira. Kasuwa ta watse, muryarta ta dishe, ba ta daina ba. Ina tsaye a bakin tasha ina kallonta ya faɗo mini cewa ko da yarinyar tana kusa, ba lalle ta waiwayo ba, don ba ta taɓa jin sunanta a wannan muryar ba.